Kada Ka Tsaya a Tsakiyar Ruwa

Zuwa ga ɗana Abubakar, Maisuna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya tsare ka a ƙasa, Ya tsare ka a sama inda ba mai iya riƙe ka sai Shi. Mu nan Gwandu lafiya lau muke. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, mai kawo maka takardar zai ba ka har ka gaji, don ka san bakinsa ba ya hutu.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Na fahimci cewa wata mai kamawa za ka bar gida ka tafi makaranta, don a ƙara maka izinin tuƙa jirgi mai fiffike a kan lasin ɗinka na jirgi mai saukar ungulu. Ka ce likita zai sake duba idonka da kunnenka da zuciyarka, za ka koma kan littafi, za ka yi wasu awoyi da malami a gefenka, wasu kuma kai kaɗai, har da tafiya mai nisa ka sauka a filayen da ba ka sani ba. Bayan nan a yi maka tambayoyi da baki, sannan mai gwaji ya hau ya zauna kusa da kai ya ga hannunka. Ka ce an rage maka wani abu saboda shekarun da ka yi a sama. Duk wannan ya yi mini daɗi. Abin da ya tsaya mini a rai layi biyu ne a ƙarshen takardar. Ka ce malamin da aka ba ka yaro ne, yana firamare lokacin da kai kake sauke ma'aikata a tsakiyar teku, kuma nauyinka yake ji, saboda haka da zarar awoyin da doka ta yanka sun cika, in ka ce ka shirya zai sa hannu a kai ka gwaji. Ka rubuta wannan kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ni kuwa da na karanta sai na ajiye takardar.

Kada ka ɗauka raina gwanintarka nake yi. Ban manta ranar da ka zo da jirginka Kalgo ka sauka a filin makaranta ba. Kowa ya gudu yana riƙe hula, ni na tsaya ina kallo. Na ga ka kawo wannan ƙarfe mai nauyi ka tsayar da shi cak a sama, bai yi gaba ba bai yi baya ba, ka juya hancinsa a hankali kamar mai neman inda zai shimfiɗa tabarma, sannan ka dire shi ba tare da ya girgiza ba. Wallahi hawaye na yi, na ce wa na kusa da ni iskar jirgin ce ta shiga mini ido. Abin da na gani a ranar hannuna ne na ƙuruciya. Haka nake tsayar da kwalekwale a tsakiyar gulbi da gwangwala guda. Ka fi ni nesa ba kusa ba, kuma ba abin da uba ke so ya faɗa kamar wannan.

To amma ka tuna na tambaye ka da yamman nan ko kowane jirgi na iya tsayawa haka. Ka yi dariya ka ce a'a, mai fiffike gudu ne ransa, in gudunsa ya ragu ƙwarai fiffiken ya daina ɗaukarsa sai ya sulluɓo, kuma ba ya sauka sai ya sami titi mai tsawo ya shigo da gudunsa. A lokacin hira ce kawai. Yanzu da za ka hau shi, ta zama maganar da dole in ba ka labarin da ban taɓa ba ka daidai ba.

Ka san an haife ni a Kalgo, gidan masu ruwa. Kafin in yi gemu na riga na yi suna wajen fito. In ruwa ya cika fadama, ni ake nema in ƙetare da buhunan shinkafa da busasshen kifi da mata masu zuwa kasuwa. Dabarata guda ce, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba: in na ga abin da ban gane ba, sai in kafa gwangwala a ƙasa in tsaya, in ji ƙasan ruwan da hannuna, in duba inda yake murɗawa, sannan in wuce. Mahaifina ya koya mini haka, da duka ma. Tsayawa ita ce ta raya ni shekara da shekaru a kan ruwa.

Ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi, aka gyara hanya, kayan da muke ɗauka a ruwa suka fara komawa bayan mota. Na duba na ga in na zauna, wata rana ni da kwalekwalena za mu ruɓe tare a bakin gaɓa. Sai na bi wani attajiri na Gwandu da ke sayen kifi a hannunmu, na roƙe shi ya sa direbansa ya koya mini tuƙi. Direban nan shi ne Bube. Kai ka san shi da Baba Bube mai sanda, tsoho mai ƙafa guda da ke zama a zaurenmu ran Juma'a yana ba ka gyaɗa. Ni na san shi saurayi siriri, ɗan Fulanin bayan gari, wanda na girme wa da shekara bakwai ko fiye, kuma bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Da aka nuna mini shi na ce a raina, yanzu wannan ɗan kiwon ne zai koya wa gwanin gulbi riƙon abin hawa?

Ka ga kuskurena na fari ke nan, kuma tun ranar farko na tafka shi. Bube yana da al'ada, kafin ya tayar da mota sai ya zagaya ta, ya buga kowace taya da sandarsa ta kiwo, ya buɗe ya duba mai, ya duba ruwan lagireto, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta. Kullum haka, ko da jiya da yamma ya duba. Ya ce in riƙa yi. Na yi kwana uku, na huɗu na ga wannan aikin yara ne. Ni da nake sanin kwalekwale na yoyo da tafin ƙafata tun kafin ruwa ya taru? Ranar ya tambaye ni ko na duba ruwa, na ce na duba. Ba mu kai Dalijan ba mota ta fara huci tana tururi kamar tukunyar dambu. Muka tsaya a rana. Bube ya sauka. Ya ɗauki garwa guda ya miƙo mini guda, muka taka har rijiya, matan da ke ɗibar ruwa suna tambaya ko shanun ƙarfe ma ƙishirwa suke ji. A hanyar dawowa ne kawai ya ce, "Yaya Manu, wagga mota ta, ba kwalekwale ba. Ba ta hwaɗa ma ciwonta ga tahin ƙahwa, sai ka diba."

Saboda haka, Maisuna, in sun ba ka takardar dube-dube kafin tashi, ka bi ta layi-layi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Kada ka ce kunnenka ya san kukan inji. Kunnenka ya san kukan wancan injin ne, wannan kuwa baƙo ne gare ka, kai ma baƙo ne gare shi.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don ba ya tururi balle a gan shi. Bube ya iya koyarwa, ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba. Da gawayi yake zana mini alamomin hanya a bangon tasha. Ya nuna mini yadda ake shiga rairayi, yadda ake sauko da gangara da giya ba da birki ba, yadda ake sauya giya ba tare da ta yi ƙara ba. Hannunsa a kan sitiyari kamar ba ya taɓa shi. Amma duk abin da ya faɗa sau ɗaya, kafin ya rufe baki sai in ce, "Na gane." Wani lokaci na gane ɗin, sau da yawa kuwa rabi na kama. Abin da ba na so shi ne ƙanen bayana ya maimaita mini magana a gaban 'yan tasha. Shi kuma da kunyarsa ta Fulani, in na ce na gane ba ya iya cewa, "To yi in gani." Yaya yake kira na, yana ba ni wurin zama mai inuwa, in muna cin abinci sai na fara sa hannu. Ni ina jin daɗin girman, ban san rami yake gina mana mu biyu ba.

Ya so in shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma, don in iya karanta allon hanya da kaina. Na ƙi, na ce gemuna ya wuce zaman tabarma. Daga baya na shiga da ƙafata, kuma da wannan karatun nake rubuto maka yau. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma sai da na sha wuya na yarda.

Kai dai in malaminka ya yi maka bayani, kada kalmar "na gane" ta riga hannunka fita. Ka ce ya bari ka yi ya gani. In ka yi daidai ka ce a sake. Wanda ya zo bai san komai ba ya fi ka sauƙin koyo, don shi ba abin da zai kwance. Kai kuwa sai ka kwance tsohon ɗauri kafin ka yi sabo, kuma tsohon ya ɗauru da kyau, shi ya sa nake jin tsoro.

Yanzu ga abin da na daɗe ina zagayawa.

Da damina ta kusa, Bube ya ce akwai karatu guda da ya rage, shi ne ƙetare ruwa da mota. A lokacin kwaruruka da yawa ba gada, in an yi ruwa sai ya bi ta kan hanya yana gudu. Ya ce sai mun sami ƙaramin ruwa mun gwada sau da yawa, yana gefena. Ya faɗa mini ƙa'idar: ka sa babbar giya, wato ta ɗaya, tun kana tudu, ka riƙe totur daidai, kada ka ɗaga ƙafa, kada ka sauya giya, kada ka taɓa birki har sai tayoyin baya sun taka busasshiyar ƙasa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Bube, komi na yarda ka koya min, amma ban da ruwa. Ni anka haihwa cikinai. Kai ko randa ka leƙa sai ka yi salati." 'Yan tasha suka bushe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, bai sake tayar da maganar ba. Aka tsallake wannan karatun, ni na sa aka tsallake shi.

Wata Laraba muka taso daga Kalgo da shinkafa da kifi, mu biyu kaɗai, muka biya ta Malisa muka sauke wasu buhuna. An yi ruwa mai ƙarfi da hantsi. Bayan azahar muka iso wani kwari kafin Gwandu, ruwa ja yana bin kan hanya. Muka sauka muka duba. Na karanta ruwan nan kamar yadda liman ke karanta allo, na ce bai kai cinya ba, ƙasansa rairayi ne, zai ƙetaru. Kuma gaskiya na faɗa, zai ƙetaru. Sai na ce ya ba ni sitiyari. Ya dube ni, ya dubi ruwan. Ya ce, "Yaya Manu, ba mu gwada ba fa." Na ce, "Ashe har yau ba ka yarda da ni ba?" Wannan maganar ce ta sa ya zagaya ya zauna a wancan gefen.

Na shiga daidai. Babbar giya, totur daidai, ruwa yana rabewa a gaban mota. Har muka kai tsakiya. Nan ne igiyar ruwan ta bugi gefen motar, na ji ta ɗan karkata a ƙarƙashina, irin karkatar da kwalekwale ke yi in ya hau abin da ba a gani. Ina so ka karanta nan da kyau. Ban yanke shawarar tsayawa ba. Kaina ya san ƙa'idar, zan iya karanto maka ita a lokacin ba tuntuɓe. Ƙafata ce ta tashi da kanta daga totur ta danne birki, don shekara ashirin jikina ya sani cewa in ruwa ya yi maka abin da ba ka gane ba, ka kafa gwangwala ka tsaya. Na ji Bube yana cewa, "Kak ka tsaya, kak ka tsaya," amma kafin maganar ta iso ƙafata inji ya mutu.

Motar da ta tsaya a ruwa mai gudu, ruwan yana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin tayoyinta. Muna zaune muka ji tana nitsewa ta gefe guda. Bube, mutumin da ke tsoron ruwa, shi ya fara dira. Ya ɗauko dutse ya zagaya gefen da take karkata don ya cusa a ƙarƙashin taya. Ina ƙoƙarin fitowa motar ta kwanta, da ita da kayanta, a kan ƙafarsa ta dama.

Sauran ka sani, don shi ne labarin da aka raine ka da shi. Na faɗa ruwan, na shiga bayansa na tallafe kansa a kafaɗata, ina riƙe hancinsa sama da ruwa ina kururuwa, har manoman da ke kusa suka zo da itatuwa suka ɗaga motar. An kai shi asibiti, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Gari ya ɗauka cewa Manu gwanin ruwa ya ceci direba. Har waƙa mata suka yi mini a wajen daka. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne wanda ke riƙe da sitiyari. Da mai motar da ɗan doka suka zo asibiti suna tambaya, ina tsaye a bakin gadon, Bube ya ce, "Ni at tuƙi. Ruwan ya fi ƙarfina." Ni ba ni da lasin. Da ya faɗi gaskiya, gidan yari zan tafi, kuma ba mai sake ba ni mota har abada. Na buɗe baki, ya dube ni, na rufe. Na so in ce kallon nasa ne ya hana ni magana, amma tsoro ne. Na karɓi yabon da ba nawa ba na yafa, na yi shekara arba'in da wani abu ina yawo da shi.

Wannan shi ne kuskurena mafi girma, kuma nasihar da ke bayansa gajeriya ce. In ka yi kuskure a sama, ko ba wanda ya gani, ka faɗa wa malaminka da kun sauka. Kunyar yini guda ce. Tawa ga ta har yau ban gama jin ta ba.

Ka san abin da mutumin nan ya yi da ya warke? Na ɗauka ba zai so ya sake ganin fuskata ba. Sai ga shi ya aiko a kira ni. Ya roƙi mai motar, bayan an gyara ta, a bar shi ya zauna gefena tunda lasin ɗinsa na nan, ni in riƙa tuƙi. Rani guda da damina guda muka yi haka. Amma Buben da ya dawo ba wancan ba ne. Yana nan dai yana kira na Yaya, sai dai kunyar ta tafi tare da ƙafar. In na ce na gane sai ya ce, "Yi in gani." Duk kwarin da ke tsakanin Ceberu da Gwandu da Kalgo sai da ya sa na shiga shi, in fita, in juyo, in sake shiga. Yakan ɗora sandarsa ta kiwo a kan gwiwata ta dama. Da ya ji gwiwar tana shirin ɗagawa sai ya danna ta ƙasa, wani lokaci ya ƙwala mini, a gaban ko wane ne. Na sha sandar nan har gwiwata ta yi kanta. Sau biyu na ce na isa zuwa Sakkwato gwaji, sau biyu ya ce da saura. Sai ranar da muka shiga wani ruwa, motar ta karkata, ƙafata ta ƙara danna totur da kanta ba tare da na yi tunani ba, sannan ya janye sandar ya ce, "Yanzu ka tai." Na je na ci gwajin a karo guda. Na yi shekara talatin a kan hanya ban kwantar da mota ba, ban taka ko akuya ba. Mutane suna cewa Manu gwani ne. Gwanintar Bube ce nake tuƙi da ita.

Tun daga lokacin ban sake kiran sunansa gatsau ba, sai Maigida. Da aka haife ka na sa maka sunansa na yanka, shi ya sa ba ka taɓa jin na kira ka Abubakar ba sai a takarda.

Shekarar da zai rasu na same shi a ƙofar gidansa da hantsi, yana jan carbi. Na ce ya yafe mini, kuma ya faɗa mini abin da ya sa ya ɗauki laifina. Ya yi dariya irin tasa marar sauti. Ya ce, "Yaya Manu, laihinka guda na, nau biyu na. Kai ƙahwakka tay yi abin da tas saba, sabo turken wawa. Ni ko na san ba ka nuna ba, niy yi kunyar girmanka nib ba ka sitiyari. Malamin da ka jin kunyar ɗalibi nai, kashe shi shikai. Allah Ya taimake mu ƙahwa ɗai tat tahi." Ban yarda laifinsa ya fi nawa ba, har gobe ban yarda ba. Amma maganar malami da kunya na riƙe ta, kuma ita na gani kwance a ƙarshen takardarka.

Jiya kafin in fara rubutu na zaunar da innarka na faɗa mata duk wannan, ina jiran ta tashi ta bar mini ɗakin. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Matar Bube ta hwaɗa min tun ina amarya. Jira nikai in ga ranad da za ka hwaɗi da bakinka. To ka rubuta mai duka, kak ka rage." Ga shi ban rage ba. In girman da kake ba ni ya ragu bayan ka karanta, na yarda, ya fi mini sauƙi a kan in rasa ka.

Maisuna, hannunka ya saba da jirgin da in abu ya rikice ana rage gudu, a tsaya a sama a duba, a sauka a kowane fili. Wannan sabo da ka yi ya raya ka, ya raya mutanen da ka ɗauka, kuma ina alfahari da shi. Amma ranar da mai fiffike zai karkata maka kusa da ƙasa, ba kanka za a tambaya ba, hannunka da ƙafarka za su amsa kafin ka yi tunani. Doka ta ƙidaya maka awoyi, ba ta san ranar da hannu ke sake hali ba. Wannan malami ne kaɗai zai gani, in ka bar shi ya gani. Darasin nan da ka ce zai gundure ka, na rage gudu a can sama har fiffike ya saki sannan a ceto jirgin, shi ne kwarinka. Ka shige shi, ka juyo, ka sake shiga, har hannun ya riƙa yin daidai da kansa. In awoyi sun cika ka nemi ƙari. Kada ka tambayi yaron nan ko ka shirya da irin muryar da na tambayi Bube ko bai yarda da ni ba, don zai ce ka shirya, kuma ba gaskiya zai faɗa maka ba, girmanka zai gaisar.

Tare da wannan takarda mai kawowa zai ba ka wani dogon abu naɗe da tsumma. Sandar Maigida ce. Iyalinsa suka ba ni bayan rasuwarsa, tana bayan ƙofar ɗakina tun lokacin. Ba taka ba ce, kada ka rataye ta a falo. Ranar farko da ka isa makaranta, kafin ku hau komai, ka sami malaminka shi kaɗai, ka cire hular kyaftin ɗin nan, ka miƙa masa ita hannu biyu. Na san ba za a bar shi ya shiga jirgi da ita ba, ya jingina ta inda zai riƙa ganinta. Ka ba shi labarin mai ita, duka, har da wanda ke riƙe da sitiyari. Sannan ka ce masa in ji ubanka, tsohon direba a Gwandu: na cire masa kunyarka, na ɗauke ta a kaina. Kada ya sa hannu a takardarka sai ranar da zai yarda ya ɗora mahaifiyarsa a bayanka. Ranar da ya ce ka tafi gwaji da bakinsa, ba da naka ba, ya mayar maka da sandar, ka kawo mini ita da hannunka. Ina nan ina jiran ta.

Innarka tana gaishe ka, tana gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya jiƙan Maigida Bube, Ya sa ƙafar da ya rasa ta riga shi shiga Aljanna. Allah Ya ba malaminka ƙarfin zuciyar faɗa maka gaskiya, Ya ba ka kunnen ji. Allah Ya tashe ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, sau nawa ka tashi sau nawa ka sauka, kada Ya bar ka da dabararka ko da ƙiftawar ido. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Manu Direba, Gwandu.